Faifan ganga ba gindin tukunya ba ne

Iyayen da yaranku ke koyon gangunan Turawa, don Allah ku daina dirje faya-fayan tagullar nan. Masu tsadar, irin su Zildjian, yawanci jan ƙarfe ne kashi 80, kuza kashi 20, kuma siraran layukan jikinsu suna da hannu a amonsu. Soson ƙarfe yana cinye layukan, Brasso yana share tambarin, ga warin amoniya a ɗakin da aka kulle saboda sanyi. A matsayina na nas, wannan ya fi damuna, balle in akwai yaro mai asma.

Ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun wadatar. A bi layukan da tsumma mai laushi, a tsane nan take. Dushewar launi ba datti ba ce. Makaɗa da yawa ma haka suke son abinsu.