Marubuci, Ka Taɓa Zama a Rumfar Bakanike?

'Yan uwa marubuta, na gaji da karanta "bakanike ya gyara babur ɗin, suka wuce." Gyaran me? Za ka cika shafi uku kana siffanta falon Alhaji, amma aikin da ke ciyar da talakan labarinka sai ka haɗiye shi a layi ɗaya. Wannan lalaci ne, kuma raini ne.

Ɗauki manomin rake a Nasarawan Doya da tsohuwar Honda CG 125 ɗinsa, samfurin da aka fara ƙerawa a 1975. Salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai na ƙarewa, fulogi na yin baƙi. An sauya ringi, a banza. Ashe ɗan bututun da ƙafar bawul ke kai-komo a cikinsa ne ya cinye, mai na zurarewa inda fetur ke ƙonewa.

Gwani ba ya dirka wa sabon bututun guduma haka kawai. Sai ya ɗumama kan injin tukuna, domin alminiyom na buɗewa da zafi, sannan ya shigar da bututun a sanyaye, a miƙe sak. Ya karkace kaɗan, bawul ba zai zauna ba. Ya yi gaggawa, kan injin ya tsage, ga kasuwar Makarfi gobe, ga bashin taki.

Za a ce mai karatu soyayya yake so. To, wa ya hana? Kuɗin gyaran nan ai daga kuɗin lefe aka ciro.