Waiwaye: Ranar da Tsani Ya Nutse Ƙasa

Ina aji biyar na sakandare yayana, wanda ke jami'a, ya ba ni aron kalkuletarsa ta kimiyya, Casio, don gwajin lissafi. Kafin nan da littafin jadawalin lambobi muke aiki, muna bin layi da yatsa don nemo sin da log. Na shiga aji ina ganin wahala ta ƙare.

Tambayar mai sauƙi ce: tsani mai tsawon mita 10 an jingina shi da bango, kusurwarsa da ƙasa digiri 30, ina ya kai a jikin bangon? Na danna 10 × sin 30, ta ba ni −9.88, na kwafe yadda na gani na wuce.

Da malam ya dawo da takardunmu sai ya kira ni gaban tebur.

"Ɗana, ka taɓa ganin tsanin da aka jingina da bango, kansa ya nutse cikin ƙasa?"

"A'a, Malam."

Ya karɓi kalkuletar, ya nuna mini wani ɗan ƙaramin harafi, R, a saman fuskarta. Yayana ya bar ta a ma'aunin radiyan, ni kuwa da digiri nake lissafi. Ya danna MODE, harafin ya koma D, sin 30 ta fito 0.5, amsa mita 5. Ya ce da na tsaya na yi tunani, da na san amsar ba za ta wuce tsawon tsanin ba, kuma ba za ta gaza sifili ba.

A ranar ya koya mini sauran tarkunan. Ka danna 2 + 3 × 4 a kalkuletar 'yan kasuwa, 20 za ta ba ka. Ta kimiyya 14 za ta bayar, domin tana fara ninkawa kafin tarawa. In kana son raba jimlar 6 da 4 gida biyu, sai ka sa su cikin baka, in ba haka ba 8 za ka gani maimakon 5. Maɓallin ragewa daban, na lambar da ke ƙasa da sifili daban. Rubutun da ke saman maɓalli kuwa, sai ka fara taɓa SHIFT zai yi aiki.

Yanzu idan na ga 'ya'yana suna shirin jarrabawar WAEC, yatsunsu na gudu a kan maɓallai, nakan tuna musu cewa sauri ya haifi nawa. Nakan sa su fara danna sin 30, in 0.5 ta fito, su ci gaba. Sannan kafin su taɓa alamar daidai, su faɗa mini da baki wajen nawa suke sa ran amsar za ta kai. Na'urar ba ta san tsani ba, ba ta san bango ba. Abin da aka danna mata shi take mayarwa. Mai riƙe da ita ne ya taɓa ganin tsani a jingine, don haka shi ya kamata ya gane amsar da ba ta yiwuwa.