Wasiƙar Kaduna: Sifana ko Bindigar Noti?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba, domin wannan mako wata shawara ce ta kawo ni, wadda na ga ba ni kaɗai ta shafa ba.

Wani aminina, tsohon malamin makaranta a Unguwar Sarki, ya same ni ran Juma'a bayan an sauko. Ya ce ɗansa ya yi shekara biyar yana koyon kanikanci, yanzu maigidansa zai yaye shi, kuma al'ada ce uba ya haɗa wa yaro kayan aiki. Kuɗin da ya ke da shi kuwa ragowar na sallamarsa ne daga aiki, in sun tafi babu wasu a baya. Yaron ya nace sai a saya masa injin nan na batir mai kama da bindiga, wanda ke kwance noti kafin ƙiftawar ido. Uban kuwa ya fi son sifanu da filaya da guduma irin waɗanda ya ga kanikawan dā suna aiki da su. Ya ce, “Malam, kai mai yawo ne, dubo mini gaskiyar abin.” Na ce to. Na yi kwana uku ina zagaye tsakanin Tsohuwar Panteka da Ori Apata da garejojin Kurmin Mashi, ina dubawa ina tambaya, ga kuwa abin da na samo.

Amma bari in fara faɗin laifina, kada a ce na ɓoye. Ni da bindigar noti muna da tsohuwar gaba. Bara na kai motata wurin wani mai faci, ya ɗaure mini ƙafafu huɗu da irin ta iska, ina tsaye ina yaba saurinsa. Bayan kwana kaɗan, muna kan hanyar Zariya ni da iyali, mun wuce Jaji, sai taya ta sace. Na ɗauko sifanar taya, na danna, na taka da ƙafa, noti ko motsi. Wani direban babbar mota ya tausaya mana ya kawo dogon bututu, muka zura, muka haɗa ƙarfi, sai ji muka yi ƙas, ƙarfen da notin ke hawa ya karye. Mun ga magariba a dajin nan. Saboda haka mai karatu ya auna maganata da wannan.

To, kayan hannu tukuna. Wani dattijon bakanike a Kurmin Mashi ya buɗe mini akwatinsa, ya miƙo mini wata sifana mai zobe, lamba 13, ya ce tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara fitar da motoci ya saye ta, watau wajen 1975. Ƙyallinta ya gushe, amma bakinta bai buɗe ba ko kaɗan. Sunan Gedore ne a jikinta, wani kamfanin Jamus da aka kafa a garin Remscheid cikin 1919. Irin su Facom na Faransa da Snap-on na Amurka duk tsararsa ne, shekarunsu sun haura ɗari. Sirrin ba wani abu ba ne illa ƙarfen da yadda aka ƙera shi. Sifana ta ƙwarai ana gauraya ƙarfenta da wasu ma'adinai, kuromiyam da banadiyam, a buga ta da zafinta cikin ma'auni, kana a ba ta horon wuta. Ita ce za ka ga an rubuta Cr-V a jikinta. Sai dai kash, rubutu ba shi da wuya, masu jabu ma sun iya shi. Dattijon ya ce shi ba ya karanta suna, noti ya ke ɗauka a aljihu in za shi kasuwa. In ya sa sifana a kai ta zauna daram ba girgiza, ya saya. In tana rawa, ko sunan wa ta ɗauka, ya ajiye musu abarsu. Gama sifana mai rawa ba ita kaɗai ke lalacewa ba, kan notin ta ke cinyewa ya zama mulmulalle, aikin minti biyar ya koma na yini, kuma ranar da ta suɓuce yatsun mai ita ne ke biya.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata iyaye su sani. Kayan gwanjo da ke zuwa daga Amurka da yawansu awon inci ne, motocinmu kuwa, na Japan da na Turai, awon milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 13 ba, bambancin ɗan kaɗan ne amma ya isa ɓarna. Motocin Japan sun fi cin lamba 10 da 12 da 14 da 17 da 19, na Turai kuwa ba su rabuwa da 13. Wanda ya sayi babban akwati mai ƙyalli bai duba wannan ba, ya sayi rabin kaya rabin ado.

Yanzu sai injuna. Gaskiya, ko da shi ke ina da haushinsu, na ga abin da ya sa yaro ya nace. Na tsaya na ga an kwance babban notin ƙafar gaba na wata Toyota, wanda dā sai mutum biyu da bututu da taka birki, yaro guda ya fitar da shi kafin in gama gyara hulata. Notin da tsatsa ta kama, bugun injin nan a kai a kai shi ke karya tsatsar, inda ja da hannu sai ya murɗe ƙarfen. Bakanike mai mota goma a layi ba zai ƙi wannan ba. Kuma ba sabon abu ba ne a duniya: tun 1917 kamfanin Black & Decker ya yi rajistar injin huda mai mariƙi irin na bindiga, a 1961 ya fitar da na batir, sa'an nan wajen 2005 batirin litiyam ya shigo kayan aiki, suka ƙara ƙarfi suka rage nauyi.

Amma tambayar malam ba ta sauri ba ce, ta ƙarko ce, a nan kuwa Kaduna tana da nata hukunci. Na farko wuta. Injin igiya ba ya motsi sai da lantarki, kowa kuwa ya san halin da mu ke ciki, tun ana kiranta NEPA har aka sayar wa 'yan kasuwa cikin 2013. In ka ce janareta, tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023 kowane kunnawa sai an yi lissafi. Ƙaramin janareta kuma wutarsa hawa da sauka ta ke yi, ita ce ke ƙona waya a cikin injin. Wani kuma ya sayo na gwanjon Amurka da aka yi don wuta mai ƙarfin 120, ya soka a tamu mai 230, hayaƙi ɗaya shi ke nan. Na ga tulin irinsu a wata rumfa a Panteka, ana cire musu tagulla.

Na biyu ƙura. Injin yana shaƙar iska ne don ya huce, garejinmu kuwa fili ne a ƙasa, da hunturu ƙura ya ke shaƙa. Tana cin 'yan gawayin nan biyu da ke gogar cikinsa, tana cin boris. Gawayin ba tsada, masu gyara a Panteka suna canja shi, har naɗin waya suna sākewa, wannan kam abin yabo ne gare su. Sababbin da ba su da gawayi sun fi jimiri, amma in allon lantarkinsu ya ƙone, gyaransa ya fi ƙarfin yawancin masu rumfa.

Na uku, wanda ya fi duka, batir. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, ga shi kuwa a watan Maris da Afrilu akwatin ƙarfe da aka bari a rana sai ya gagari taɓawa. Ko an lallaɓa shi, shekaru kaɗan ne ƙarfinsa ke raguwa, kuɗin sabo kuwa wani babban kaso ne na kuɗin injin ɗungum. Sa'an nan batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga Ingco. Wanda ya sayi suna guda ya ɗaura aure ke nan da gidan, sai ya fara tambaya ko ana samun danginsu a garin kafin ya biya sadaki.

Game da abin da ya same ni a Jaji, dattijon ya yi dariya ya ce laifin ba na injin ba ne. Kowane noti yana da iyakar ɗaurinsa, masu ƙera mota sun rubuta. Na ƙafar ƙaramar mota yawanci bai wuce awo 100 zuwa 120 na ma'aunin da a ke kira niyuton-mita ba, bindiga kuwa tana iya ninka wannan sau uku ko fiye. Ƙa'ida ita ce a fara ɗora noti da yatsa, a kai shi kusa, kana a ƙarasa da sifanar awo, wadda ke yin ƙara in an kai iyaka. Na tambaye shi gareji nawa ke da ita a layinsu. Ya ɗaga yatsu, bai cika hannu guda ba. Ya ƙara da cewa injunan motocin yanzu na alminiyam ne, mai laushi, duk wanda ya sa bindiga a fulogi ko a notin juye baƙin mai ya ci zaren, mai mota ne zai yi kuka. Kuma kofunan noti masu ƙyalli na hannu ne, in aka ɗora su a bindiga suna iya tarwatsewa su sami ido. Nata baƙaƙe ne masu kauri, sayensu dabam.

Injin yanka da gurza ƙarfe ba zan daɗe a kansa ba, sai dai in ce na ga yara suna cire masa murfin kariya suna aiki ba tabarau, alhali faifansa yana juyi fiye da sau dubu goma a minti. Shugabannin ƙungiyar kanikawa su dubi wannan don Allah.

Da na koma wurin malam, ga abin da na ce masa. Ya kashe mafi yawan kuɗin a kan sifanu masu zobe da kofunan noti masu kusurwa shida na awon milimita, na ƙwarai ko da na hannu ne, da dogon mariƙi, da sifanar awo guda, da jak mai kyau tare da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, gama jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. In da saura, ni da na fi son a saya wa yaron 'yar na'urar nan da a ke sokawa a mota ta faɗi ciwonta, tun da motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wurin soka ta, su ne kuwa suka cika titunanmu. Bindiga ya bari sai yaron ya saya da guminsa, sa'ad da ya san nauyin noti a hannunsa.

Yaron bai ji daɗi ba, ko gaisuwar kirki bai yi mini ba da zan fita. Uban ya ce ranar Asabar za su Panteka, dattijon nan ya yarda zai raka su da notinsa a aljihu. In akwai bakanike cikin masu karatu da ya ga na zalunci injuna, ya rubuto, Edita zai ba shi fili kamar yadda ya ba ni.

Naku,
Mai Yawo, Unguwar Shanu, Kaduna.