SHARHI: A Gwada Ƙasa Kafin A Raba Filaye

Ambaliyar shekarar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, kuma jihohi irin su Jigawa sun ji jiki matuƙa. Sai dai ba kogi kaɗai ke rusa gidaje ba. A ƙauyuka da dama, ruwan sama ne ke kwanciya a gindin katanga har ta jiƙe ta zube, saboda an yi gini a kan ƙasar da ba ta shan ruwa.

Ƙasa iri-iri ce. Jigawa mai rairayi tana shanye ruwa nan da nan, ita kuwa laka ta fadama riƙe shi take yi. Kowacce da haɗarinta. A laka, shadda da sokawe kan cika su tumbatsa cikin gida. A rairayi kuwa, ƙazanta kan zarce ƙasa ba tare da ta tace ba, ta gurɓata rijiya, daga nan sai cutar amai da gudawa.

Gwajin da ke bambance su bai fi ƙarfin kowa ba. A zurfin da ake son ruwan ya nutse, a haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bar shi ya kwana. Washegari a sake cikawa. Idan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, a fara duba agogo har ruwan ya ƙara sauka da santimita 15. In ya sauka cikin ƙasa da minti 40, ƙasar ta cika saurin sha. In ya haura awa 4, ba ta dace da sokawe ba. A maimaita sau uku, a ramuka biyu aƙalla. Ƙarshen damina ya fi dacewa da duba wuri, domin a lokacin ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tasowa sama.

Haka kuma, masana tsaftar muhalli sun ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa.

A ganinmu, matsalar ta fi faruwa ne a wajen rabon filaye. Galibi akan yanka fuloti da rani, lokacin da fadama ta bushe ta yi kama da tudu, mai saye kuma ba ya ganewa sai watan Agusta, bayan ya zuba abin da ya tara.

Saboda haka muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni da kada su sa hannu a takardar fili sai jami'in duba-gari ko na sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya ga wurin. Magidanta kuma su nemi a gwada musu kafin su kafa tubali, musamman inda za a gina makaranta, kasuwa ko asibiti.