Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Jami'ar Maiduguri: A Ba Iyaye Kwana Biyu

Zuwa ga Shugaban Jami'a, da Majalisar Gudanarwa, da Shehunan Malamai.

Ina neman izini, ranku ya daɗe, in gabatar da wata 'yar shawara wadda na san ba ta kai nauyin mas'alolin da ke gabanku ba, amma fa'idarta, in an yi ta bisa ƙa'ida, za ta shiga gidajen da takardunku ba su taɓa shiga ba. Shawarar kuwa ita ce jami'a ta keɓe Asabar da Lahadi guda a kowace shekarar karatu, ta rubuta su cikin kalandarta kamar yadda take rubuta ranakun jarrabawa, ta buɗe ƙofa ga iyaye da waliyyan ɗalibai su shigo su ga inda 'ya'yansu ke kwana, da inda suke ɗaukar darasi, da fuskokin mutanen da ke karantar da su.

Tun shekarar 1975 da gwamnatin tarayya ta kafa wannan jami'a a kan harsashin tsohuwar kwalejin NECAS, al'adar da aka gada, a nan da sauran jami'o'in ƙasar nan, ita ce uba ba shi da dalilin tsallaka ƙofa sai ɗayan uku: ko ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ko ranar yaye su, ko kuwa, Allah ya kiyaye, ranar da aka aika masa da mugun labari. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai shekara huɗu, ga mai karatun likita shida, in yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas bai ƙara a kai ba, kuma a duk tsawon wannan zamani abin da uba ya sani game da jami'a bai wuce abin da ɗansa ya ga dama ya faɗa masa a waya ba. Duk wanda ke bin hanyar Bama ya saba ganin dattijo ya sauka daga Keke Napep da buhun garin kunu da ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar man shanu, ya raɓe a inuwar darbejiya yana danna waya, har yaro ya fito da sauri ya durƙusa, a gaisa, a miƙa kaya, a ƙirga masa 'yan kuɗi daga aljihun ciki, a sa masa albarka, dattijo ya juya tasha alhali bai ga ko bangon ajin da ya sayar da awakinsa dominsa ba.

Wannan nisa baƙo ne ga ƙasar Barno. Ku kuka fi kowa sanin cewa tun kafin a yi mafarkin boko, nan ne gabas ɗin da Bahaushe ke nufi in ya ce ɗansa ya tafi gabas, kuma uban da ya damƙa yaro a hannun alaramma yakan damƙa shi ne hannu da hannu, ya ce ga amana, ya san sunan malamin da na garin, in kaka ta yi ya aika da hatsi, in hali ya yi ya tako da ƙafarsa ya ji inda karatu ya tsaya. Inda tsangaya ta lalace a zamaninmu, galibi ta lalace ne daga lokacin da iyaye suka daina zuwa. Ko saniya mutum ya ba da kiwo yakan je ruga ya dube ta, ba don yana tuhumar makiyayi ba, sai don haƙƙin mallaka da na kiwo duka su tabbata a idon juna. To ina ga ɗa?

Akwai kuma bashin da nake ganin jami'a ba ta riga ta biya ba. A watan Yuli na 2011 sai da aka rufe makaranta aka sallami ɗalibai saboda halin da gari ya shiga, amma da aka buɗe, iyaye suka mayar da 'ya'yansu. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka yanke layukan waya a jihar nan har tsawon watanni, ya zamana uwa tana Kano ko Yola ko Jos ba ta da hanyar sanin ko ɗanta ya kwana lafiya face ta je tasha ta tambayi direbobi, ko ta ba da wasiƙa a hannu irin ta zamanin da. Duk da haka ba su ce a dawo gida ba. A ranar 16 ga Janairu 2017 aka kai hari masallacin unguwar malamai da asuba, Farfesa Aliyu Mani na tsangayar likitan dabbobi ya rasu, a cikin shekarar ta 2017 kuma aka yi wa malamanku masu binciken man fetur kwanton ɓauna a wajen Magumeri, aka kuma haƙa rami aka kewaye bayan jami'a kamar ganuwar birnin da. Malaman da suka tsaya a wannan zamani sun cancanci dukkan yabon da aka yi musu da wanda ba a yi ba. Sai dai aji ba ya tsayuwa da malami kaɗai, kuma waɗanda suka riƙa cika azuzuwan nan da abin da suka fi so a duniya, suna kwana da fargaba suna tashi da addu'a, har yau ba a taɓa tara su an dube su an ce mun gode ba.

Na san abin da wasu Shehunan Malamai za su ce, kuma maganarsu tana da hujja: jami'a ba makarantar kwana ta sakandare ba ce da za a sa mata ranar ziyara, ɗalibinta baligi ne, cikinsu akwai magidanta da matan aure, kuma rabin tarbiyyar jami'a ita ce mutum ya koyi tsayawa da ƙafafunsa. Na sallama da wannan duka. Amma jami'o'in Amurka, waɗanda ba wanda zai tuhume su da tauye 'yancin ɗalibi, da yawansu suna da irin wannan ƙarshen mako na iyali a farkon zangon karatu, kuma ba a ji ya mayar da kowa yaro ba. Abin da hujjar take wajabtawa shi ne a tsara ziyarar ta yadda ɗalibi zai zama mai masaukin baƙi: shi zai gayyato wanda ya so, shi zai shiga gaba ya nuna hanya, kuma kada a buɗe sakamakon jarrabawarsa a gaban kowa sai da yardarsa, domin suturta mutum wajibi ne, kuma uban da aka kunyata ɗansa a gabansa cikin jama'a ba zai sake dawowa ba. Malamin da ke kula da ajin ya zauna a ofishinsa yini guda, wanda ya so ya shigo da mahaifinsa su yi magana su uku.

Babbar fa'idar da nake hange, wadda ita kaɗai ta isa dalili, tana ga 'ya'ya mata. A garuruwa da yawa na Barno da Yobe, abin da ke hana yarinya wuce sakandare, bayan talauci, shi ne zato: an ce ɗakunan kwanan mata ba tsaro, an ce ba mai tambayar shigarsu da fitarsu, an ce kaza an ce kaza, kuma mai faɗin bai taɓa zuwa ba, mai ji ma haka. Shubuha irin wannan ba ta gushewa da sanarwar rediyo. Amma in uwa ta shiga ɗakin kwanan 'yarta da kanta, ta ga katanga da mai gadi, ta gaisa da matar da ke kula da ɗakunan, ta zauna a bakin gado ta ga Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki a kan akwati kusa da littattafan kimiyya, ta ga abokan zaman 'yarta ta san 'ya'yan mutunci ne, to ranar da ta koma gida aka taru ana yi mata barka da hanya, labarin da za ta bayar a tsakar gida zai buɗe wa ƙannen yarinyar da 'ya'yan maƙwabta ƙofar da babu jami'in gwamnatin da zai iya buɗe ta. Gani ya kori ji.

Saboda haka ne nake roƙon kada a yi wa baƙin nan kwalliyar yini guda. Mun san halinmu: da an ce ana tafe sai a shafa farar ƙasa a gindin itatuwa, a kafa rumfa, a jera manya a kujerun gaba, a yi jawabai da Turanci tun hantsi har azahar, talaka yana can baya yana gyangyaɗi. In haka za a yi, gara a bar shi. A bar iyaye su ga ɗakin kwana yadda yake, da cunkosonsa, da layin bokitai a bakin famfo, da igiyoyin shanya, domin babu jami'ar tarayya da ta kuɓuta daga wannan, kuma uban da ya ga yawan ɗalibai da ƙarancin ɗakuna da idonsa ya fi saurin fahimtar dalilin ƙarin kuɗin rajista, ya fi kuma ƙarfin murya in ya tsaya gaban ɗan majalisarsa. A kai su Laburaren Ramat, a kai su gonar gwaji da asibitin dabbobi, inda manomi da makiyayi za su ga abin da suka sani har su yi wa ɗalibai gyara. A zauna da su a Zauren El-Kanemi sa'a guda, rabinta tambaya da amsa, a yi musu bayanin lamunin karatu da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, wanda da yawa suna jin sunansa ba su san sharuɗɗan biyansa ba. Kuma a yi magana da harshen da suke ji. Jami'ar da ke koyar da Barbarci da Hausa da Larabci har matakin digiri ba ta da uzurin rasa tafinta, kuma cikin ɗalibanta akwai masu jin Babur da Margi da Fulatanci da Larabcin Shuwa da za su yi wannan hidima da alfahari.

Sai mas'alar lokaci da hanya, wadda a Maiduguri ba a yi mata sakaci. Zafin Maris zuwa Mayu ba na tsofaffi ba ne, damina kuwa, bayan abin da muka gani ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga har asibitin koyarwa, ba mai son ya tara baƙi a cikinta. Lokacin sanyi ya fi dacewa, bayan an kai gero da wake rumbu, kafin masu noman dawar masakwa su shiga girbi, a kauce wa azumi da Kirsimeti. Mai tasowa daga Kano yana da tafiyar wajen kilomita 600, kuma wajibi ne ya wuce Damaturu da Benisheikh da rana tsaka. Ba mu manta da Auno ba, inda a watan Fabrairu na 2020 matafiyan da suka tarar an rufe hanya suka kwana cikin motocinsu aka auka musu, wajen mutum 30 suka halaka. Don haka a sanar da ranar tun da wata biyu, a gidan rediyon jihar da na jami'a da bakin ɗalibai, a ce a iso Juma'a kafin la'asar, a yi babban taro Asabar, Lahadi da safe masu zuwa coci su je tare da 'ya'yansu, masu nisa su kama hanya da wuri. Tantance baƙi a ƙofa ba zai yi wuya ba in kowane ɗalibi ya rubuta sunan mutum biyu tun da mako guda, ya kuma fito ya karɓe su da kansa.

Masauki shi ne inda za a ce ba kuɗi. Masana tarihi a cikinku, magada marigayi Farfesa Nur Alkali, za su tuna muku cewa a ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibalemi, mutanen Kanem sun ba da dukiyarsu aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin alhazansu da ɗalibansu su sami wurin sauka a ƙasar da ba tasu ba. Jikokin waɗannan ba za su kasa shimfiɗa tabarmi da katifu na dare biyu a manyan zaurukan jami'a ba, maza daban mata daban, tare da gudummawar tsofaffin ɗalibai da attajiran gari. Abin da nake tsoro shi ne a ƙirƙiro sabon haraji da sunan kuɗin ziyara a ɗora wa ɗalibai, ko a mayar da taron gidauniyar neman taimako, mai mota ya yi alkawarin miliyan a tafa masa, mai buhun garin kunu ya sunkuyar da kai.

Magana ta ƙarshe ita ce ta marayu, kuma a jihar nan ba su da kaɗan. Akwai ɗaliban da fitinar shekarun nan ta raba da uwa da uba, waɗanda suka taso a sansanin 'yan gudun hijira na Dalori da makamantansa, aka yi ta faɗi-tashi har suka kai inda suke. Kada ranar farin cikin wasu ta zama ranar da za su kulle kansu a ɗaki. A rubuta a takardar gayyata cewa kawu da goggo da yaya da malamin allo da maƙwabcin da ya riƙe yaro duk waliyyai ne, wanda kuma ba shi da mai zuwa, malaman sashensa su raba su a tsakaninsu, kowa ya ɗauki biyu ko uku su ci abincin rana a gidansa.

Ba na neman a fara da jami'a duka. A gwada da 'yan aji ɗaya na tsangaya biyu a shekarar karatu mai zuwa, a sa ofishin kula da harkokin ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai su riƙe aikin, a rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya gaza, sa'an nan Majalisa ta duba ta yanke hukunci a kan faɗaɗa shi.

Allah ya taimake ku a kan abin da kuka ɗauka, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aikin wannan jami'a.

Naku cikin ladabi,
Ɗaya daga cikin iyayen ɗalibai, Maiduguri.