Tambarin Ƙungiyar Iyayen Masu Galahanga: A Daina Zana Yaro Yana Kuka

A shekarar 1963 wasu iyaye a birnin Landan suka zauna neman tambari. Shekara guda ke nan da suka kafa ƙungiya saboda 'ya'yansu masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Gerald Gasson, wanda shi ma uba ne ga mai lalurar, ya zana musu guntu ɗaya na wasan haɗa hoto, wato wasan nan da ake yanyanka hoto a ce yaro ya mayar da kowane yanki gurbinsa. A cikin guntun ya sa yaro yana kuka. Saƙon a fili yake: lalurar ta ɗaure wa kowa kai, yaron kuma abin tausayi ne.

Ba a ga laifin Gasson ba. A lokacin shekara 20 kacal da likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a rubuce, bayan ya nazarci yara 11 a Baltimore ta Amurka, kuma manyan masana na ɗora wa uwaye laifi, wai rashin jan yaro a jiki ne ke jawo ta. Iyayen da ke cikin wannan hali kuka suka sani, kuka suka zana. Ƙungiyar tasu ita ce ta zama National Autistic Society, babbar ƙungiyar masu lalurar a Birtaniya, kuma ta daɗe da ajiye wancan zane. Tambarin da ta fito da shi a 2018 babu guntu, babu hawaye.

Sai dai kafin ta ajiye shi, guntun ya riga ya tsallaka teku. A 1999 ƙungiyar Autism Society ta Amurka ta mayar da shi ɗan ƙyallen maƙalawa a ƙirji mai guntaye kala-kala. A 2005 Bob Wright, shugaban kamfanin talabijin na NBC a lokacin, da matarsa Suzanne suka kafa Autism Speaks bayan an gano lalurar a jikansu, suka ɗauki guntu shuɗi. Kuɗi da talla suka yi aikinsu. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar wayar da kai kan lalurar, bisa ƙudurin da Katar ta gabatar a ƙarshen 2007, sai ya zama duk shekara ana haska manyan gine-gine da shuɗin fitila, har da dogon benen Empire State na New York. Daga nan guntu shuɗi ya zama abin da duniya ta sani.

Abin da ba a lissafa da shi ba shi ne yaran za su girma, da yawansu kuma za su yi magana, wasu da baki, wasu da rubutu a kwamfuta. Da suka yi, sai suka ce zanen bai yi musu ba. Guntun da aka ciro daga hoto yana nufin akwai giɓi, su kuma ba su ga abin da ya ɓace a jikinsu ba. Wasan na yara ne, alhali mai galahanga yakan kai shekara 60 da lalurarsa. Shuɗi kuwa a can launin 'ya'ya maza ne, ga shi 'yan mata masu lalurar sun daɗe ana tsallake su wajen gwaji, duk da cewa alƙaluma na nuna maza sun fi yawa. A ranar 18 ga Yuni, 2005, wata ƙungiyar masu lalurar da kansu, Aspies For Freedom, ta fara bikin ranar alfahari da halittarsu, da alamar rashin iyaka ta masu lissafi, wato lamba 8 a kwance, cikin launukan bakan gizo. Nufinsu shi ne lalurar ba fuska ɗaya gare ta ba: akwai wanda bai taɓa furta kalma ba, akwai mai koyarwa a jami'a.

Wannan ba ƙorafin 'yan tsiraru masu saurin fushi ba ne. Farfesa Morton Ann Gernsbacher ta Jami'ar Wisconsin da abokan aikinta sun gwada mutum 400, suka tarar mutane na danganta guntun haɗa hoto da naƙasu da rashin cika. Mujallar masana mai suna Autism, wadda ta buga binciken, ta cire guntun daga bangonta a 2018. Autism Society ta bi sahu a 2021. Ita kuwa Autism Speaks ta riƙe guntunta, amma a 2020 ta ƙara masa launuka, ya daina zama shuɗi zalla. Har gobe akwai iyayen da ke son guntun, hujjarsu ita ce shi mutane suka gane, kuma wanda yake fama da yaron da ba ya barci ba shi da lokacin gardama a kan zane. Hujja ce mai nauyi a Landan ko Chicago.

A Kano ko Maraɗi nauyinta ya ragu. A 'yan shekarun nan iyaye sun fara haɗuwa a zaurukan WhatsApp da Facebook, suna tambayar juna inda ake samun mai koya wa yaro magana, da makarantar da ba za ta koro shi ba, da yadda ake ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Zaure kuwa sai da hoto a goshinsa. Abin da aka saba, a ba wani matashi mai iya zane a waya aikin, ya shiga intanet ya kwaso guntu shuɗi, ya ɗora hoton yaro ya yi tagumi, ya rubuta suna a ƙasa. An gama cikin rabin sa'a, an kuma gaji rigimar shekara 60 ba tare da an san da ita ba.

Wasan haɗa hoto ba wasan gidan Bahaushe ba ne. Kakar da aka nuna wa guntun ba za ta ga komai ba sai wani abu mai kunnuwa. Ke nan ribar da ake cewa yana da ita, ta saurin ganewa, babu ita a nan. Illar kawai ta rage.

Yaro mai tagumi ya fi guntun ɓarna. A ƙasar da aka haɗa naƙasa da bara, inda har yanzu ake ce wa irin waɗannan yara 'yan ruwa ko masu aljanu, ake yawo da su wajen masu magani, ake kulle su a ɗaki in an yi baƙi, hoton tausayi yana ƙara tabbatar da abin da dangin miji suka daɗe suna faɗa ne. Uwar da ta shiga zauren da dare, bayan ta sha gori a gidan biki, ba sadaka ta zo nema ba. Ta zo ne ta ji cewa ɗanta mutum ne, akwai irinsa da yawa, kuma akwai abin yi. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar. Najeriya kuma tana da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Ƙungiyar da ke da doka a bayanta haƙƙi take nema, bai kamata tambarinta ya miƙa ƙoƙon bara ba. Hoton yaro na gaske kuwa kada ma a fara; tambari yana yawo daga waya zuwa waya, yaron bai ba da izini ba, kuma wata rana zai kai munzalin neman aure.

Kwaso lamba 8 mai bakan gizo ma ba mafita ba ce kai tsaye. A Arewa mutane da yawa in sun ga waɗannan launuka a jere, tutar masu fafutukar auren jinsi suke gani, sai ƙungiyar iyaye ta ɓata ƙarfinta wajen bayanin abin da ba shi ya tara ta ba. Masu lalurar a Turai da Amurka suna amfani da alamar cikin ruwan zinare ma, wannan ya fi sauƙin shiga. Kuma ba dole ne a ari launin kowa ba: bankin GTBank, wanda ke shirya taron shekara-shekara kan lalurar, ƙyallensa ruwan lemo ne, launin bankin. Mai zane Bahaushe yana da tasa taskar. Zanen dagi da ke jikin manyan riguna da bangon gidajen Zariya zare ne da ke sarƙe da juna ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, kusan ma'anar da masu lamba 8 ke nema. Sai dai a yi hattara da Dagin Arewa kansa, don ya riga ya zama na siyasa da yanki.

Sauran aikin na sana'a ne. A waya tambarin zai koma ɗan da'ira da bai kai farcen babban yatsa ba, don haka dogon suna da hannaye biyar riƙe da zuciya duk za su cakuɗe. Launi biyu sun isa, kuma masu taushi, domin da yawa daga cikin masu galahanga haske mai ƙarfi da launi mai kashe ido suna takura musu. A gwada shi baƙi da fari, tunda wata rana za a buga shi a takardar neman ganin kwamishina.

Babban abin da tarihin guntun ya nuna shi ne an yi shekaru ana zana wa mutane alama ba a tambaye su ba. A Afrilun 2025 wani matashi ɗan Najeriya mai galahanga, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ya baje zanensa da ya haura murabba'in mita 12,000 a dandalin Eagle Square na Abuja, zanen da ya shiga kundin bajinta na Guinness. Masu lalurar suna da ido, suna da zaɓi. Duk zauren iyaye da ke shirin yin tambari ya fitar da zane biyu ko uku, ya ajiye su gaban yaran da manyan masu lalurar, mai magana ya faɗa, marar magana ya nuna da yatsa, sannan kwamiti ya zauna.