Bilicin a Ma'aunin Ilmin Halittu

A kowace babbar kasuwa ta ƙasar Hausa akwai layin masu kayan shafe-shafe, kuma duk wanda ya tsaya a wurin na ɗan lokaci zai ga cewa ba man kaɗanya ko turare ne suka fi tafiya ba. Abin da ya fi ciniki shi ne man da ake cewa yana "haska fata" ko yana "fito da kala". Masu sayensa kuwa ba matan aure kaɗai ba ne. Akwai 'yan matan sakandare, akwai samari, har an kai ga wasu iyaye mata na shafa wa ƙananan yaransu. Ilmin halittu yana da abin faɗa a kan wannan al'amari, kuma abin da zai faɗa ba mai daɗin ji ba ne.

Da fari ya kamata a san mene ne launin fata. A ƙasan shimfiɗar fata ta sama akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira melanosayit, waɗanda aikinsu shi ne sarrafa wani sinadari mai duhu da ake kira melanin. Abin mamaki a nan shi ne, yawan waɗannan ƙwayoyi a jikin Bahaushe da na Bature kusan ɗaya ne. Bambancin yana ga yawan melanin ɗin da suke sarrafawa, da irinsa, da yadda ake rarraba shi. Ƙwayoyin sukan ƙunsa shi cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, su miƙa wa sauran ƙwayoyin fata, su kuma su jera shi a saman cibiyarsu kamar lema. A cikin wannan cibiya ne kundin gadon halitta yake. Lemar tana tare wani haske na rana wanda ido ba ya gani, wato altarabayolet, wanda in ya ratsa cikin ƙwaya yakan lalata wannan kundi, daga nan kuma sankarar fata kan samo asali.

Wanda ke shakkar amfanin wannan lema sai ya dubi halin da zabiya yake ciki a ƙasashenmu. Jikinsa ba ya iya sarrafa melanin yadda ya kamata, saboda haka rana kan ƙona shi, sankarar fata kuma tana daga cikin manyan abubuwan da ke halaka zabiya a Afirka tun da ƙuruciyarsu. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda rana kan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara. Baƙar fata a irin wannan wuri garkuwa ce. Abin da zabiya ya rasa ba da son ransa ba, shi ne mai bilicin ke biyan kuɗi don a raba shi da shi.

Sinadaran da aka fi samu a cikin waɗannan mayuka iri uku ne. Na farko shi ne haidirokwinon, wanda ke hana sinadarin da ke haɗa melanin yin aikinsa. Likitocin fata kan ba da shi don magance wasu tabbuna, amma ɗan kaɗan, a wuri ƙayyadadde, na 'yan watanni. In aka ɗauki shekaru ana dulmiya jiki da shi, sai reshe ya juye da mujiya: fata ta yi wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan ƙuraje, musamman a kumatu da wuya da duk inda rana ke bugu. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun a 1975, kuma har yau tana da wuyar magani ainun.

Na biyu shi ne zaiba, wadda kowa ya sani a cikin ma'aunin zafin jiki na da. Gishirinta yana ratsa fata ya shiga jini, ya taru a ƙoda da ƙwaƙwalwa. A 1972 likitoci a Nairobi suka lura da yawan mata masu ƙarancin shekaru da ke zuwa asibiti da ciwon ƙoda, bincike kuma ya nuna yawancinsu masu shafa man da ke ɗauke da zaiba ne. Sharrinta bai tsaya ga mai shafawa ba. Tana bin tawul da zanen gado, tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, tana kuma fita a cikin nono. Sunan garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956, shi aka ba yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 don rage amfani da wannan ƙarfe, kuma man shafawa yana cikin abubuwan da ta hana.

Na uku shi ne ya fi yaudara, wato sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol. Magani ne na gaske, an yi shi domin kumburi da ƙaiƙayin wasu cututtukan fata. Yana sa fata ta yi haske da laushi cikin kwanaki kaɗan, wannan ya sa masu haɗa mai a gida suke ƙaunarsa. Amma hasken na sirancewa ne. Fata takan yi ta raguwa har jijiyoyi su bayyana kore-kore, nankarwa ta keto a cinya da damtse, ƙuraje su feso, makero da kyasbi su samu wurin zama domin garkuwar wurin ta yi rauni. Wanda ya shiga jini kuwa yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari da kumburin fuska. Likitocin tiyata ma sun san wahalar ɗinke irin wannan fata, don rauninta ba ya saurin warkewa. Ga wadda za a yi wa aiki wajen haihuwa wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Akwai wani adadi da jaridu suka daɗe suna maimaitawa, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna bilicin. Ɗalibin kimiyya ya kamata ya tambayi daga ina ya fito. Asalinsa wani bincike ne da aka buga a 2002, wanda aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas, maza da mata, daga baya wata takarda ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauko shi. 'Yan kasuwar birni ɗaya ba su ne dukan matan ƙasa ba. Wannan ba ya nufin matsalar ƙarama ce. Ido ma shaida ne. Amma zuzuta adadi yana da nasa lahani, don yarinyar da ta ji cewa kusan kowa na yi sai ta ga ita ce baya ga dangi.

Gwamnatoci sun yi nasu yunƙurin. Tarayyar Turai ta hana sa haidirokwinon a kayan kwalliya tun 2001. Kwaddebuwa ta kafa dokar hani a 2015, Gana ta bi sahu a 2016, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar 'yan Nijeriya. Duk wannan daidai ne, sai dai doka tana kama kwalin da ke da suna da adireshi ne. Ba ta da yadda za ta yi da robar da ba rubutu a jikinta, wadda aka dama a bayan shago aka raɗa mata "haɗi na musamman". Muddin akwai mai nema, mai damawa ba zai rasa muciya ba.

A nan ne maganar ta bar ɗakin gwaje-gwaje ta shiga gida. An saba a ɗora wa 'yan mata laifin duka, a ce son banza ne ko rashin godiyar Allah. Wannan hukunci bai cika adalci ba. Yarinyar da ta tashi tana jin samari na cewa "fara ko mayya ce", wadda ta ga yadda dangi ke yaba jaririyar da ta zo fara suna yin shiru a kan wadda ta zo baƙa, wadda aka laƙaba wa suna a aji saboda duhun fatarta malami yana ji bai tsawatar ba, ba a kasuwa ta fara bilicin ba. An daɗe da koya mata cewa akwai aibi a jikinta, mai shago ya sayar mata da maganin aibin ne kawai. Namijin da ke zagin mai bilicin da rana, ya kuma aika a nemo masa farar mace da dare, yana da kaso a cikin kowace ƙoda da ta lalace. Harshen Hausa kansa yana da kalmomin yabo ga kowane launi, daga wankan tarwaɗa har zuwa baƙi mai sheƙi, amma an bar su suna tsufa a bakin kakanni.

Gyaran jiki kuwa ba abin ƙi ba ne, kuma abin da fata ke bukata bai da tsada. Tana son wanka da sabulu marar kaifi, da mai irin na kaɗanya wanda ke riƙe danshi, musamman a hunturu lokacin da kaushi da faso ke addabar mutane. Tana son ruwan sha isasshe da barci. Tana kuma gina kanta da abin da aka ci, don shimfiɗarta ta sama tana sabuntuwa kusan kowane mako huɗu: wake da gyaɗa da kifi su ba ta abin gini, manja da zogale da karas su ba ta bitamin A, gwaiba da lemo su ba ta bitamin C. Babu ko ɗaya daga cikinsu da zai mai da baƙi fari, kuma duk mai tallar da ya ce nasa ganye zalla ne amma yana farar da mutum cikin mako guda, to akwai abin da ya ɓoye a cikin robar.

Wadda ta riga ta fara, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti. In ta daɗe tana shafa mai sitiroyid, dainawa farat ɗaya na iya sa fata ta yi ja da zafi da ƙuraje, wani lokaci ma jiki ya raunana, domin ya daina sarrafa nasa sinadarin isasshe. Likita ne zai tsara mata yadda za ta janye a hankali, ya kuma auna jininta da fitsarinta. Ya kamata ta tafi da robar man a hannunta.

Malaman ilmin halittu kuma suna da darasin fata a manhajar manyan azuzuwan sakandare, sau da yawa akan zana shimfiɗunta a allo a wuce cikin minti arba'in. Zai fi amfani in malami ya sa ɗalibai, maza da mata, su kawo fankon kwalayen mai daga gida ba tare da an rubuta sunan kowa ba, a baje su a kan tebur, a karanta abin da aka rubuta a jikin kowanne, a ware masu lambar NAFDAC gefe guda, sa'an nan a ƙirga nawa ne ba su faɗi abin da ke cikinsu ba.